Darasi na 9: Alhamza, Ƙugiya da Alamar Naira a Rumbun SQLite

A darasin da ya gabata mun gina teburi mun zuba masa lambobi, komai ya tafi lafiya. Lamba ba ta da rigima. Rigima tana tashi ne ranar da aka ce a shigar da sunayen mutane da na garuruwa, domin a nan ne Jama'are da Ƙanƙara da 'Yankwashi za su bayyana, kuma kowanne daga cikinsu yana ɗauke da abin da zai iya tsayar da manhaja ko ya dagula rajista. Da yawa idan suka ci karo da wannan sai su yanke hukuncin cewa kwamfuta ba ta jin Hausa. Sai su cire ƙugiya, su share alhamza, su rubuta Jamaare da Kankara. Babu buƙatar haka ko kaɗan. Rumbun yana iya riƙe rubutunmu yadda yake, muddin mun san ta wace ƙofa rubutun yake shiga, da kuma wanda ke karanta shi a kowane mataki.

Tunatarwa kaɗan game da rumbun da muke aiki da shi. D. Richard Hipp ne ya fitar da SQLite a shekarar 2000. Ba ya buƙatar wata babbar kwamfuta da za a riƙa aika wa tambaya, yana zaune ne cikin manhajar da ke amfani da shi, kuma duk bayanansa suna cikin fayil guda. Yana cikin wayoyin Android da iPhone, yana cikin Firefox da Chrome. Wanda ke da waya a aljihu yana yawo da shi ko bai sani ba.

Harafi lamba ne

Kwamfuta ba ta ajiye harafi. Lamba take ajiyewa, a cikin ƙananan gurabe da ake kira bayit, kuma kowane bayit yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Don haka dole a yi yarjejeniya kan wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsohuwar yarjejeniyar ita ce ASCII, wadda aka fitar a Amurka a 1963. Gurbi 128 kacal gare ta, kuma an yanka ta ne daidai wuyan Turanci. A cikinta A ita ce 65, k kuma 107. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

A 1991 aka fito da Unicode, wato babbar rajista da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa. A nan ƙ ta samu 409, ɗ ta samu 599, ɓ 595, ƴ da ake rubutawa a Nijar 436, alamar Naira kuma 8358. Kuna iya tabbatarwa da kanku:

    SELECT unicode('ƙ');
    SELECT char(409);

Na farko zai ba ku 409, na biyu ya mayar muku da ƙ.

To amma 409 ta fi ƙarfin bayit guda. Yaya za a zuba ta? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Dabararta ita ce haruffan ASCII su ci gaba da cin bayit ɗaya yadda suka saba, sauran kuma su ci biyu, uku ko huɗu. Haruffanmu masu ƙugiya suna cin biyu-biyu. Haruffan Larabci na yau da kullum, waɗanda ajami ya ginu a kansu, su ma biyu-biyu ne. Alamar Naira tana cin uku. Tun fitowa ta 3 a 2004, SQLite yana aiki da UTF-8 da UTF-16, kuma idan ba ku ce komai ba, UTF-8 zai ɗauka. Ku bar shi a haka. Da zarar an ƙirƙiri rumbun, ba a sake masa tsari.

Yanzu mu duba Ƙanƙara da kyau:

    SELECT length('Ƙanƙara');
    SELECT length(CAST('Ƙanƙara' AS BLOB));
    SELECT hex('Ƙanƙara');

Layin farko zai ce 7, yawan haruffa ke nan. Na biyu zai ce 9, yawan bayit, saboda Ƙ da ƙ kowacce ta ci biyu. Na uku zai buɗe muku cikin kalmar: C698616EC699617261. Ku karanta shi bibbiyu. C6 98 ita ce babbar Ƙ, 61 ita ce a, 6E ita ce n, C6 99 ita ce ƙaramar ƙ, sai 61 72 61 na "ara". Ku riƙe wannan hex hannu biyu, domin allo yana iya yi muku ƙarya, amma shi abin da ke cikin rumbu yake faɗi.

Cuta uku masu kama da juna

Idan wani ya zo ya ce "haruffana sun lalace", kada ku yi saurin gyara. Ku fara tambayarsa abin da yake gani, don cutar iri uku ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wani lokaci ɗan akwati ne ke fitowa a gurbin ƙ. Wannan ita ce mafi sauƙi. Bayanin yana nan lafiya, salon rubutun da allo ke amfani da shi ne ba shi da zanen harafin. Idan hex ya nuna C699, a canza salon rubutu kawai, kada a taɓa rumbun.

Ta biyu ita ce a ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ko alamar Naira ta koma "â‚¦". Abin da ya faru shi ne wata manhaja ta karɓi bayit na UTF-8 ta karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. An fi gamuwa da wannan idan aka buɗe fayil ɗin CSV a Excel ba tare da an gaya masa tsarin ba. A nan ma hex ne alƙali. In ya nuna C699, rumbun lafiya lau, mai nunawa ne ya kuskure. In ya nuna C386E284A2, to ɓarnar ta riga ta shiga ciki, an ajiye Æ da ™ a matsayin haruffa biyu na gaske. Ana iya ceto ta:

    UPDATE garuruwa SET suna = replace(suna, 'Æ™', 'ƙ');

Kafin irin wannan aiki, ku rufe manhajar ku kwafi fayil ɗin rumbun ku ajiye gefe. Fayil ɗaya ne, minti guda bai cika ba an gama.

Ta uku ita ce mai ban takaici: alamar tambaya. "?an?ara". Idan hex ya nuna 3F a wurin, harafin ya tafi. Wata manhaja ce ta yi ƙoƙarin mayar da rubutun zuwa tsarin da ba shi da ƙ, ta rasa abin sawa, ta sa alamar tambaya. Babu umarnin da zai gaya muku ko ƙ ce ko ɗ ce ko ɓ, sai dai mai jin Hausa ya zauna ya bi layi-layi, ko a koma ga takardar asali. Shi ya sa lokacin ajiye fayil a Excel ake zaɓar CSV UTF-8, ba CSV zalla ba.

Ku lura, SQLite ba ya binciken ingancin rubutun da aka miƙa masa. Kamar mai ajiyar kaya yake a tasha: ƙunshin da ka ba shi, shi zai mayar maka, bai kwance ba balle ya gyara.

Alhamza

A harshen SQL, ana kewaye rubutu da ɗan wakafin sama guda a farko, guda a ƙarshe: 'Kano'. Matsalar ita ce wannan alama ita ce dai muke amfani da ita wajen alhamza. Ku gwada wannan:

    INSERT INTO garuruwa(suna) VALUES ('Jama'are');

SQLite zai karanta 'Jama' ya ɗauka rubutu ya ƙare. Sai ya ga are, bai san me za a yi da ita ba. Sai kuma ya ga wani wakafin ya ɗauka sabon rubutu aka buɗe wanda ba a rufe ba. Idan a tagar umarni ta sqlite3 kuke, ba za ta ma yi ƙorafi ba, za ta sauko sabon layi da alamar ...> ta yi ta jiran ku rufe zancen. Ɗalibai da dama a nan suke zaton na'urar ta daskare. Idan kuma daga cikin manhaja umarnin ya fito, za a samu saƙon kuskure da ke nuni ga "are".

Maganin shi ne a ninka alamar. Biyu a jere a cikin rubutu suna nufin guda ɗaya ta gaske:

    VALUES ('Jama''are')
    VALUES ('''Yankwashi')

A na biyun, wakafi uku ne a farko: ɗaya na buɗewa, biyu na alhamza. Abin da zai shiga rumbu Jama'are ne da alhamza guda, ninkin na hanya ne kawai. Wannan ita ce dabarar kaucewa: hanyar gaya wa mai karatu cewa alamar nan harafi ce, ba umarni ba.

Wani zai ce, ai sai a yi amfani da wakafi mai biyu, a rubuta "Jama'are". Kada ku saba da haka. A SQL wakafi mai biyu na sunan teburi ne ko na gurbi. SQLite ya daɗe yana ɗaga ƙafa, idan bai sami gurbi mai wannan suna ba sai ya ɗauke shi rubutu. Amma ranar da kalmar ta yi daidai da sunan wani gurbi, misali kuna neman kalmar "suna" a teburin da ke da gurbin suna, zai kwatanta da gurbin, ya ba ku amsar banza ba tare da ko tari ba. Masu SQLite da kansu suna ɗaukar wannan sassauci kuskure, kuma sabbin fitowar tagar umarni sun rufe shi.

Ninka wakafi da hannu ya wadatar idan ku ne ke buga umarnin. Idan manhaja ce ke karɓar suna daga hannun jama'a, ba haka ake yi ba. A ce manhajar tana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarni, sai wani ya rubuta x' OR '1'='1 a gurbin suna. Umarnin zai koma:

    SELECT * FROM mambobi WHERE suna = 'x' OR '1'='1';

Tunda 1 kullum daidai take da 1, rumbun zai zazzage masa sunan kowa. Ƙofar da suna mai alhamza irin Sa'adatu ya bi ya tsayar da manhaja ba da niyya ba, ita ce ɓarawo zai bi da niyya. Saboda haka idan kun ga manhaja ta ƙi karɓar suna mai alhamza, abin dubawa ya wuce sunan.

Hanyar ƙwarai ita ce a bar gurbi da alamar tambaya a cikin umarnin, a miƙa rubutun daban. Ga yadda ake yi a Python:

    cur.execute("INSERT INTO mambobi(suna) VALUES (?)", (suna,))

A nan rubutun bai taɓa cuɗanya da umarni ba, don haka babu ninki, babu kaucewa. A ganina wannan layi ɗaya ya fi duk sauran darasin nan amfani.

Akwai wani tarko kuma da ido ba ya gani. Alamar da muke kira alhamza ba lamba ɗaya gare ta ba. Akwai miƙaƙƙiya ta allon bugawa, hex ɗinta 27. Akwai lanƙwasasshiya wadda Word da wasu wayoyi ke sakawa da kansu, E28099. Akwai ta uku da masana harshe suka fi so, CABC. A ido kusan ɗaya suke, a rumbu kuwa Sa'adatu uku ce daban-daban, kuma neman ɗaya ba zai fito da sauran ba. Haka 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar: rajistar da ta haɗa mutanen Katsina da na Maraɗi za ta ƙunshi duka biyun. Ku zaɓi guda tun ranar farko, manhaja ta riƙa mayar da sauran gare ta kafin a ajiye.

Karan da ya jingina baya

Waɗanda suka taɓa C ko Python ko JavaScript sun san \n na nufin sabon layi. A rubutun SQLite wannan kara ba shi da wani iko, harafi ne kamar kowane. length('a\nb') zai ba da 4. Mai son sabon layi sai ya haɗa da char(10), ta amfani da sanda biyu masu liƙa rubutu:

    SELECT 'Kano' || char(10) || 'Zariya';

Abin da ke rikita mutane shi ne rubutu yakan ratsa hannu fiye da ɗaya. Idan kun rubuta \n a cikin Python, Python ce za ta mayar da shi sabon layi tun kafin SQLite ya gani, sai ku zaci SQLite ne ya fahimta. MySQL a yadda ya saba yana girmama karan, shi ya sa umarnin da aka kwaso daga can yakan zo da \' ya watse a nan. JSON ma yana da tasa ƙa'idar, inda \u0199 ke nufin ƙ, kuma ayyukan JSON na SQLite suna warware ta. A 2025, fitowa ta 3.50 ta ƙaro unistr, wanda ke karanta irin wannan rubutu, amma ba kowace waya ce ke da sabuwar fitowa ba. Duk lokacin da kuka ga kara, ku tambayi kanku wa zai fara karanta shi.

Nema da jerawa

A cikin LIKE, alamar % tana nufin "kowane irin rubutu", _ kuma "harafi ɗaya ko wanne ne". Mai neman 50% na gaske sai ya naɗa alamar kaucewa da kansa:

    WHERE bayani LIKE '%50!%%' ESCAPE '!'

A nan ne kuma za mu faɗi inda SQLite ya gaza mana. Babba da ƙaramin baƙi na ASCII kaɗai ya sani. LIKE 'k%' zai kamo Kano, amma LIKE 'ƙ%' ba zai kamo Ƙanƙara ba. upper('ƙanƙara') zai ba ku ƙANƙARA. Jerawa ma haka: ORDER BY yana bin lambar bayit, don haka jerin zai fito 'Yankwashi, Bauci, Jama'are, Kano, Zariya, sannan Ɗambatta da Ƙanƙara can ƙarshe bayan z, alhali a ƙamus ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Akwai ƙarin ICU da ke koya masa haruffan duniya, kuma mai manhaja yana iya rubuta nasa tsarin jerawa. Ga ƙaramin aiki, wannan dabara ta isa:

    ORDER BY replace(replace(suna, 'Ƙ', 'K~'), 'Ɗ', 'D~')

Alamar ~ tana bayan z a ASCII, don haka Ƙanƙara za ta faɗo bayan duk masu K, kafin L. Sai a ƙara Ɓ da ƙananan haruffan a bisa wannan tsari. Abin da ke cikin teburin bai canza ba, jerin ne kawai.

Shirya rubutu don fitarwa

Aikin format, wanda tsofaffin fitowa ke kira printf kafin a ƙara masa sabon suna a 2022, yana karɓar ƙirar rubutu mai gurabe ya cike su. %d gurbin lamba ce cikakkiya, %s na rubutu. format('%05d', 42) zai ba da 00042, abin da ake so a lambar rasit. format('%,d', 2500000) zai ba da 2,500,000. Mai son alamar kaso kanta sai ya ninka ta: format('%d%%', 15) shi ne 15%.

Ga kuɗi, shawarata ita ce a ajiye su a kwabo, lamba cikakkiya, a yi musu ado lokacin fitarwa:

    SELECT format('₦%,d.%02d', kwabo/100, kwabo%100);

Idan kwabo 125050 ne, za a ga ₦1,250.50. Wanda ya ajiye "₦1,250.50" a matsayin rubutu zai gane kurensa ranar da ya zo tara jimla. Lambar waya kuwa akasin haka ce: a gurbin TEXT ake sa ta, domin gurbin INTEGER zai cinye sifirin farko.

Abu biyu ku kiyaye. format ba ya ƙorafi: in kun ba %d kalmar "goma" zai buga 0 ya wuce. Sannan faɗin gurbi da bayit yake auna shi. format('%-10s', 'Kano') zai cike da sarari 6, amma Ƙanƙara mai bayit 9 sarari ɗaya za ta samu maimakon 3, sai layin rasit ya karkace duk inda ƙugiya ta fito. Ƙara alamar motsin rai, wato '%!-10s', yana sa ya ƙirga haruffa.

Aikin yi

1. Ku gina teburin garuruwa, ku shigar da Bauci, Ɗambatta, Jama'are, Kano, Ƙanƙara, 'Yankwashi da Zariya. Ku fitar da kowanne tare da yawan haruffansa da yawan bayit ɗinsa. Waɗanne ne lambobinsu biyu suka sha bamban?

2. Ku faɗaɗa dabarar jerawa ta ƙunshi Ɓ, ɓ, ɗ da ƙ, sannan ku jera garuruwan yadda ƙamus zai jera su.

3. Wani magatakarda ya ce sunan Ɗanladi yana fitowa "?anladi" a allonsa. Wane umarni za ku fara bugawa, kuma me za ku gaya masa idan amsar ta fara da C68A? Idan da 3F ta fara fa?

4. Ku rubuta sunan Ma'aruf a wayarku, ku sake rubuta shi a Word, ku kwafo duka biyun cikin rumbu ku duba hex ɗinsu.

Ku zo da amsar ta 4 a rubuce a zama na gaba, tare da sunan wayar da kuka yi amfani da ita, domin da sakamakonku za mu zaɓi alhamzar da ajin nan zai tsaya a kai.